Tagar da Maigidana Ya Toshe

A cikin duk abubuwan da suka same ni tun da na yi aure, akwai guda ɗaya da na san ko ruɗewar tsufa ta zo mini, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga kaina. Ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, wato a wannan komawar ta baya-bayan nan. Mutane suna tuna wannan shekara da layin zaɓe da fastoci da ranar rantsuwa. Ni kuwa da warin tina, ruwan tsinka fenti, nake tuna ta, da yadda aurena ya kusa mutuwa a kan laifin da babu wanda ya aikata shi.

A lokacin muna haya a Unguwar Gano, ciki biyu da wani ɗan ɗakin ajiya a kusa da zaure. Ina koyarwa a wata firamare a nan Tarauni, muna da yara biyu. Maigidana mai gyaran rediyo ne da talabijin da amfilifaya, shagonsa yana Gyaɗi-Gyaɗi, ba nisa da babban titi. Mutum ne mai sanyi, wanda ko goro ba ya ci, balle taba. Shi yake kula da lasifikar masallacin layinmu kyauta, kuma idan ladan ya yi tafiya shi yake kiran salla. Na faɗi wannan ne don a gane irin mutumin da aka wayi gari ana nuna shi da baki.

Sai na ɗan yi bayanin sana'arsa, don a nan matsalar ta fito. A cikin kowace rediyo ko amfilifaya akwai wani faifai mai zanen hanyoyin jan ƙarfe, wanda ƙananan kayan wuta suke zaune a kansa. Masu gyara suna ce masa fanel. Idan za a sauya wani abu da ya ƙone, da dalma ake liƙa sabon, kuma dalma ba ta kamawa da kyau sai an shafa wani mai mai danƙo a wurin. Idan zafi ya taɓa man sai ya narke ya bar wata dauɗa ruwan ƙasa kamar ƙaro a bayan fanel ɗin. Yawancin masu gyara ba sa damuwa da shi, in dai abu ya yi magana sun rufe sun miƙa wa mai shi. Maigidana kuwa ba ya barin sa. Ya ce wannan dauɗar tana kama datti, tana jan laima idan damina ta shigo, sai ka ji amfilifaya ta fara gunji ko murya tana yankewa, daga baya ma dauɗar ta cinye hanyoyin jan ƙarfen. Ya ce kuma tana ɓoye wurin da dalma ba ta kama ba. Saboda haka kowane fanel ya gyara sai ya wanke bayansa da sipirit, irin na asibiti, da tsohon buroshin haƙori. Farkon aurenmu, kafin yara su zo, nakan taya shi wannan wankin da yamma a tsakar gida, har hannuna ya faɗa.

Da aka buga gangar siyasa sai aiki ya yi masa yawa. Kowane ɗan takara yana son motar da za ta zaga unguwanni da ƙahon lasifika a kanta, kuma yaran da ke riƙe da kayan ba su san wani abu wai shi rage murya ba. Suna ƙure ta tun safe har sai ta yi hayaƙi. Amfilifaya ta riƙa zuwa shagon a bayan a-kori-kura. Maigidana ba ya cikin kowace jam'iyya, wanda duk ya kawo aiki yana karɓa. Wata rana wasu samari na ɓangare ɗaya suka zo karɓar kayansu, suka tarar da akwatin lasifikar abokan hamayyarsu a shagon, da hoton ɗan takararsu manne a jiki. Suka ce ashe shi munafuki ne, wataƙila ma shi yake lalata musu kaya da gangan. Suka fasa masa gilashin kanta, suka ce in suka sake gani, shagon za su ƙona.

Ba mai son fitina ba ne, kuma ba ya son ya mayar da aikin kowa. Sai ya yanke shawarar kwashe duk aikin 'yan siyasa ya dawo da shi gida, cikin wannan ɗan ɗakin ajiya. Ɗakin yana da taga guda ɗaya da ke kallon lungu, inda kowa yake wucewa. Ya samo falanki ya buga a kanta, ya bi gefe-gefe da kwali ya toshe, don kada wani ya leƙo ya ga kayan waye a ciki. Ƙofar kuma kullum a rufe, saboda yara.

A wannan tsakanin ne ya bar sipirit. Ya ce ƙaramar kwalba ba ta isar sa ko'ina, kuma wanki da ita yana cin lokaci. Wani a kasuwa ya ba shi shawarar ya gwada tina, wadda masu fentin mota suke tsinka fenti da ita. Ya sayo galan guda, babu ko rubutu a jikinsa. Ya dawo yana murna, ya ce da ya taɓa ta da buroshi dauɗar take narkewa. Maimakon ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan kamar yadda yake yi da sipirit, sai ya koma zuba ta a kwanon silba, ya ajiye a gabansa a buɗe, yana tsoma buroshi yana wankewa, wani lokaci tun hantsi har la'asar.

Da sanyi abin bai nuna sosai ba. Yakan ce kansa yana ciwo, mu ce gajiya ce. Aka gama zaɓe, na ɗauka aikin zai ragu, sai ma ya ƙaru. Waɗanda suka ci suna shirin bukukuwan rantsuwa da zagayen godiya, waɗanda suka faɗi suna ta tarurruka don kada magoya baya su watse, kuma kowa kayansa sun gama jigata. Zafin bazara ya shigo, rufin ɗakin nan kwano ne babu silin. Daga nan ne mutumin da na sani ya fara sauyawa a gabana.

Idanunsa suka koma ja kullum. Yakan fito daga ɗakin yana dafa bango, maganarsa tana jan ƙafa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Abinci ya daina shiga. Ya fara mantuwa, ya tambaye ni abu, in ba shi amsa, ya sake tambaya. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba ya daka wa ɗanmu na fari tsawa a kan ya taɓa masa takalmi, har yaron ya yi fitsari a wando. Bayan nan ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ya ce shi ma bai san abin da ya hau kansa ba. Ga kuma wari. Ya kama rigunansa da gashinsa da numfashinsa, ko ya yi wanka yana nan.

Duk wanda ya zauna a Kano ya san wannan warin, ko ɗan'uwansa. Irin sa ne yake tashi daga samarin da ke zama a kangwaye da tsumma a hanci suna shaƙar sholisho. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. An ce an gan shi yana tangaɗi a hanyar masallaci. An ce a sahu wani dattijo ya janye jikinsa daga kusa da shi. Ranar da ladan ya tafi ƙauye, maigidana ya tashi zai kira salla, sai liman ya ce ya bari wani ya yi, ya huta. Ya dawo gida bai ce mini komai ba, a bakin wata maƙwabciya na ji. Ni ma a makarantar Islamiyya da nake zuwa ranar Asabar, ina shiga sai hira ta tsaya. Wata ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri, haka siyasa take, duk wanda ya yi hulɗa da yaran 'yan siyasa sai sun koya masa abin da suke sha.

Na tambaye shi, ba sau ɗaya ba. Ya rantse mini da Allah bai taɓa kai wani abu bakinsa ko hancinsa ba. Na ce to warin fa? Ya ce na aiki ne, shi ma ya daina jin sa. Na ce ko tinar ce take sa masa ciwon kai? Ya ce ina, ai masu fenti da ita suke wuni, ga su nan garau. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa masu fenti a fili suke aikinsu, iska tana kaɗawa. Yanzu idan na ba da labarin mutane sukan ce ai abin a bayyane yake. A bayyane yake ga wanda aka gaya wa ƙarshensa. Mu a lokacin abin da muka sani shi ne maye sai wanda ya nemi maye, ba mu taɓa jin an ce mutum ya bugu yana tsakiyar neman halalinsa ba.

Maganar ta kai unguwar Babban Giji, wurin mahaifina. Baba tsohon ma'aikacin duba-gari ne da ya yi ritaya, mutum mai kaifi ɗaya, wanda ba ya son a yi magana biyu. Shi da kansa ya zaɓa mini maigidana saboda natsuwarsa, don haka abin ya yi masa zafi fiye da kowa. Ya aiko aka gaya mini cewa ranar Lahadi bayan la'asar zai zo, in haɗa kayana da na yara, zan koma gida har sai an san matsayin da ake ciki. Na san Baba. Idan na taka ƙofar gidansa da akwati a kan irin wannan magana, ba zan sake fitowa a matsayin matar wannan mutumin ba.

Ranar Lahadin maigidana bai iya tashi ba. Tun safe yake amai, ya ɗaure kansa da rawani yana kwance. Rantsuwa ta matso, masu kaya suna ta aike, kuma akwai fanel-fanel da ya gama gyarawa, wanki kawai ya rage a mayar da su cikin akwatunansu. Na ce masa ya kwanta, ni zan wanke. Ya ce in bari. Na ce ai ba yau na fara ba. Ya miƙo mini makulli, ya ce in rufe ƙofa saboda yara, kuma in kula kada tinar ta taɓa robobin maɓallan murya, tana narkar da su.

Ina da wata manufa bayan taimako. Tun da ya toshe tagar nan ban taɓa zama a ɗakin ba, iyakata bakin ƙofa in miƙa ruwa. Ina son in duba da idona kafin Baba ya iso, in akwai abin da yake ɓoyewa in gan shi, in san da wace fuska zan bi mahaifina. Na kai yara gidan maƙwabciyarmu, wata Hajiya ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, wadda ranar take hutu. Na yi sallar azahar, na shiga na rufe ƙofa.

Zafin ɗakin ya fara dukana, sannan warin. Na kunna ƙwan lantarki, na bincika ko'ina. Na ɗaga akwatuna, na duba ƙarƙashin benci, na zazzage gwangwanayen da yake tara ƙananan kaya, har aljihun tsohuwar rigar aikinsa na laluba. Babu komai sai wayoyi da dalma da ƙarfen narka ta, sai carbinsa rataye a ƙusa, sai galan ɗin a gefe. Na ji wani sanyi a raina, na kuma ji wani sabon tsoro, don in ba shaye-shaye ba ne, to mene ne yake cin mijina?

Na zauna a kan kujerarsa, na tsiyaya tina a kwanon silba kamar yadda na ga alamar yana yi, na ɗauki fanel na farko. Aikin ba wuya gare shi ba. Za ka kifa shi ta bayansa inda ɗigo-ɗigon dalma suke, ka karkata shi, ka tsoma buroshi ka bi layi-layi kana gogawa a hankali. Dauɗar sai ta narke ta gangaro ƙasa, ka tare ta da tsumma mai tsabta. Idan ka bar ta ta bushe a wurin sai ta bar wani farin hazo, don haka sai ka sake bi da sabon ruwa, sannan ka jingine shi a tsaye ya sha iska. Gaskiyar maigidana ce, tinar ta fi sipirit sauri nesa ba kusa ba. Wurin da da sai na yi ta dirza, yanzu shafa ɗaya ya fita, dalma ta fito tana ƙyalli.

Da farko idona ya yi yaji, maƙogwarona ya bushe, yatsuna suka yi fari kamar na shafa alli. Na ce bari in daure in gama. Can sai na ji warin ya daina damuna. Sai na ji jikina ya yi sakayau, damuwar da na kwana da ita ta tafi, har na kama kaina ina 'yar waƙar da muke koya wa 'yan aji ɗaya. Na tuna ina kallon wani fanel ina ganin hanyoyin jan ƙarfen suna motsi, abin yana ba ni dariya. Buroshi ya faɗi daga hannuna, na sunkuya in ɗauka na kasa kama shi. Ban san an kira la'asar ba. Abin da na ji kawai shi ne sallama daga nesa, kamar daga cikin rijiya, ana ta maimaitawa.

Abin da ya biyo baya, rabinsa na tuna, rabinsa Hajiya ce ta ba ni labari. Na buɗe ƙofa na fito babu ɗankwali, ina dafa bango. Baba yana tsaye a bakin zaure da sandarsa da farar babbar riga. Ni da tun da na yi wayo ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, sai na nuna shi da yatsa ina ƙyalƙyala dariya.

"Baba, yau ku biyu kuka zo?"

Daga nan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a tsakar gida.

Hajiya ta ce muryar Baba ce ta fito da ita daga gidanta, ita da ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Maigidana ya rarrafo daga ɗaki, Baba ya juyo gare shi ya ce bai ishe shi ya lalata kansa ba sai da ya haɗa da 'yarsa, ya ce yau ɗin nan sai ya rubuta mata takardar saki. Maigidana yana durƙushe yana ta salati. Hajiya ba ta tsaya sauraron su ba. Ta ja ni inuwa inda iska take, ta kwance mini wuyan riga, ta yi ta yi mini fifita. Ta shinshina hannuna, ta tambayi abin da nake yi kafin in faɗi. Maigidana ya gaya mata. Ta je ta leƙa ɗakin, ta ja da baya da sauri tana toshe hanci, ta kashe fitilar daga waje. Ta ce wa Baba, cikin ladabi, ita dai ba likita ba ce, amma ko wane ne aka rufe a wannan ɗakin da wannan kwanon, haka zai fito.

Baba ya matso bakin ƙofar. Ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya dubi surukinsa. Sai ya jingine sandarsa, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Hajiya, ya cire takalmi ya shiga, ya jawo ƙofa ya rufe.

A lokacin na fara dawowa hayyacina, kaina kamar ana sara shi da gatari. Ina jin Hajiya tana buga ƙofa tana cewa Alhaji ya fito, yana da hawan jini, ba sai ya gwada ba. Maigidana ya rarrafa har bakin ƙofar yana roƙon sa, yana cewa ya yarda a tafi da ni, shi dai Baba ya fito. Daga ciki Baba ya ce su ƙyale shi, an kawo masa magana ya karɓa ba tare da ya duba ba, yanzu zai duba. Ban san tsawon zaman da ya yi ba. A wurina ya yi tsawo ƙwarai, Hajiya kuwa ta ce bai kai a dafa shayi a sha ba.

Da ya buɗe ƙofar, idanunsa sun kaɗa, yana tari. Ya taka ɗaya, biyu, sai ya nemi bango. Hajiya ta shimfiɗa masa tabarma ya zauna, ya sha ruwa. Sannan ya ɗago ya dubi maigidana.

"Malam, tun yaushe kake wuni a cikin nan?"

"Tun lokacin kamfe, Baba."

Baba ya girgiza kai. "Mun zalunce ka," in ji shi. "Ni ne kuma a gaba. Ka yafe mini."

Maigidana ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Wannan ne karo na farko da na ga hawayensa.

Baba bai bar gidan ba sai da ya sa aka ɗauko masa guduma, ya zaga ta lungu da kansa ya ɓamɓare falankin nan daga tagar. Ya sa aka toshe bakin galan ɗin aka fitar da shi bayan gida, nesa da murhu. Ya ce ban da cutar da take yi wa mutum, da wani ya ƙyasta ashana a ɗakin nan da tuni an yi ta'aziyyarmu gaba ɗaya. Washegari Hajiya ta raka mu asibiti. Likita ya yi wa maigidana tambayoyi, aka ɗebi jininsa, ya ce an yi sa'a abin bai taɓa hanta da ƙoda ba, amma ya nisanci tina kwata-kwata, ya huta, kuma ko sipirit ɗin ma kada ya sake amfani da shi sai inda iska take ratsawa.

A hanyarmu ta dawowa ne ya gaya mini wani abu da har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya ce a makonnin ƙarshe, idan ya tashi da ciwon kai da safe, da ya shiga ɗakin ya zauna sai ya ji ya lafa. Ya ce ya fara jin yana ɗokin shiga, ranar Juma'a da ba ya aiki sai ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya ɗauka son aiki ne. Ya ce ashe saura ƙiris abin da mutane suke faɗa ya zama gaskiya, ba tare da ya taɓa niyya ba.

Saura aikin mutane, ga shi hannunsa yana rawa, ba ya iya riƙe buroshi da kyau. Ban san Baba ya sa wannan a ransa ba sai da na gan shi washegari da hantsi ya sauka daga tasi da kwalaben sipirit a leda. Ya sa aka fito da benci ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, aka fito da duk fanel-fanel ɗin da akwatunansu, na wannan jam'iyya da na waccan, da hotunansu a jiki, aka jera a fili. Maigidana ya tsorata, ya tuna masa da samarin nan. Baba ya ce ɓoyon ne ya jawo duk wannan, a bar shi da su. Ya ce a nuna masa yadda ake yi. Na nuna masa, ya sa tabarau, ya naɗe hannun riga, ya kama wanki. Maigidana yana gefe a kan tabarma, yana duba kowane fanel a hasken rana kafin a mayar da shi. Sau da yawa yana jin kunyar ya ce wa surukinsa bai fita ba, sai ya miƙo mini a ɓoye in sake bi.

Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya, don ba kullum ake ganin dattijo kamar Baba da buroshin haƙori yana wanke cikin rediyo a bakin hanya ba. Wanda duk ya tsaya kuwa sai Baba ya ba shi labari tun daga farko, har da yadda shi kansa ya fito yana laluben bango. Da aka kira azahar ya kama hannun maigidana suka tafi masallaci tare, bayan an idar ya miƙe ya nemi izinin liman ya maimaita wa jama'a. Samarin ma sun zo karɓar kaya, suka ga na abokan hamayya a jere da nasu. Ɗaya ya fara magana, Baba ya dube shi ta saman tabarau ya tambaye shi ɗan gidan waye. Ya faɗa. Baba ya ce ya san kakansa, ya ce ya ɗauki nasa ya bar na mutane. Ya ɗauka suka tafi. Ranar rantsuwa muna gida muna ji a rediyo, daga nesa kuma ana jiyo motocin lasifika suna zagaya Tarauni, maigidana yana kwance yana cewa waccan shi ya gyara ta, ya gane muryarta.

Sai da damina ta yi nisa kafin rawar hannunsa ta tafi, mantuwar kuma ta fi haka daɗewa. Ɗanmu ma ya ɗauki lokaci kafin ya daina ɓuya idan ya ji shigowar babansa. Liman ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya koma kiran salla. Amma ba zan ce kowa ya yarda ba. Shekaru bayan haka, a wurin wani suna, na ji wata mata da ba ta san ni ba tana ba da misali da wani mai gyaran rediyo a Unguwar Gano da ya taɓa faɗawa shaye-shaye, Allah ya shirye shi ta hannun surukinsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ba zan iya bin kowa gida-gida ba, na yi shiru.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maigidana ya tsufa, idonsa ba ya ganin ƙananan kayan wayoyin zamani, ya bar wa wasu shagon. Abin da wannan al'amari ya koya mini bai wuce biyu ba. Na farko, duk abin da ake aiki da shi mai wari, a tambayi yadda ake amfani da shi kafin a saba da shi, don idan hanci ya daina ji ba yana nufin jiki ya daina sha ba. Na biyu kuma shi ya fi zauna mini. Unguwa guda ta ga jan ido, ta ji wari, ta ga tangaɗi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya gani, amma duk mun yi kuskure a kan abin da yake nufi. Tun daga ranar, idan aka kawo mini maganar wani, ko da hujjar ta cika ta batse, nakan tambayi kaina ko akwai wanda ya je ya zauna inda mutumin yake zama. In babu, ba na sa bakina.